Silika: Ƙwayar da Ido Ba Ya Gani, Amma Bincike Ya Dogara da Ita



Yau za mu yi magana ne a kan silika. Ita ce mafi yawan abin da ke cikin rairayi da yashin kogi, da ita ake yin gilashi, ita ce kuma 'yan ƙwayoyin nan da ake ƙullewa a takarda a jefa cikin kwalin sabon takalmi ko robar magani don su tsotse danshi. A kimiyyance, haɗuwa ce ta silikon da oksijin, waɗanda su biyun ne suka fi komai yawa a ɓawon ƙasa. Ke nan silika ba abin wahalar samu ba ce, kowa yana taka ta kullum. Amma duk da haka, cokali guda na silikar da aka tsara musamman don ɗakin bincike kan iya fin tifa guda ta yashi tsada. To me ya kawo wannan tazara? Amsar tana cikin girman ƙwayar, da tsabtarta, da kuma yadda aka iya sa ƙwayoyi biliyoyi su fito kai ɗaya. Ilimin da aka zuba a cikinta shi ne abin da ake saye.

Bari mu fara da ma'auni, domin sai an fahimce shi sannan sauran bayanin zai shiga. Idan aka raba milimita ɗaya gida 1,000, kowane kaso shi ne maikuromita. Idan aka sake raba maikuromita gida 1,000, an samu nanomita. Kaurin silin gashin kan mutum ya kai wajen nanomita 80,000. Ƙwayoyin silikar da muke magana a kansu wasu nanomita 500 ne, wasu 100, wasu ma ba su kai 10 ba. Ido ba ya ganin su ɗaya-ɗaya, kuma mafi ƙanƙantarsu ko madubin likita na yau da kullum ba ya kama su, sai na'ura mai amfani da ilektron.

Niƙa yashi ba ya ba da irin wannan ƙwaya. Komai laushin niƙa, garin zai fito da manya da ƙanana, masu kaifi da masu tsini. Abin da masana suke yi shi ne su gina ƙwayar daga tushe, su sa ta girma a cikin ruwa. A shekarar 1968, wani masani Bajamushe mai suna Werner Stöber, tare da abokan aikinsa Arthur Fink da Ernst Bohn a Jami'ar Rochester ta Amurka, suka wallafa wata hanya da har yau ake kiranta da sunansa. Za ka iya ganin aikin a kan teburin ɗalibin kimiyyar sinadarai. Yana zuba itanol a kwalbar gilashi, ya ƙara ruwa da ɗan amoniya, ya kunna abin motsawa. Sai ya ɗauko wani ruwa garau mai ɗauke da silikon, wanda ake kira TEOS, ya zuba. Da farko ba abin da ya canza. Bayan ɗan lokaci sai ruwan ya fara dishi-dishi da ɗan shuɗi, can kuma ya koma fari fat. Wannan farin alama ce cewa ƙwayoyin silika sun tsiro a cikin ruwan suna girma, kowace zagayayya, kuma kusan duk girmansu ɗaya. Daga nan sai ya sa kwalabe a injin da ke juya su da gudu, ƙwayoyin su kwanta a ƙasa, ya wanke, ya busar. Idan yana son manya ko ƙanana, sai ya sauya yawan amoniya, ko na ruwa, ko zafin da ake aikin a ciki. Da wannan hanya Stöber ya samu ƙwayoyi tun daga nanomita 50 har zuwa 2,000.

Wannan daidaito shi ne ya buɗe ƙofa. Mai bincike ba ya iya cewa ga abin da ƙwaya mai girma kaza take yi a jikin mutum ko a cikin fenti, matuƙar ƙwayoyin da ke hannunsa gauraye suke. Da zarar sun zama kai ɗaya, sakamakon da aka samu a Tokyo ana iya maimaita shi a Zariya. Har auna wasu na'urori ake yi da irin waɗannan ƙwayoyi, domin an riga an san girmansu, idan na'ura ta ba da wata lamba daban to ita ce ke da matsala.

Yanzu mu duba inda wannan abu ya taɓa rayuwarmu kai tsaye. Da yawa daga cikinmu mun tuna shekarar 2020, lokacin korona, da yadda ake zura wa mutum tsinke mai auduga a hanci a kai ɗakin gwaji. Kafin na'urar PCR ta ce akwai ƙwayar cuta ko babu, sai an fara ware sinadarin gadon ƙwayar cutar, wato RNA, daga majina da sauran tarkace. A mafi yawan ɗakunan gwaji, silika ce ke yin wannan aiki. Wani masani mai suna René Boom da abokan aikinsa a birnin Amsterdam ne suka daidaita hanyar a shekarar 1990. Ana zuba wa samfurin wani gishiri mai ƙarfi da ke fasa ƙwayar cutar. A cikin wannan gishiri, DNA da RNA suna manne wa silika gam, sauran abubuwa kuwa ba sa mannewa. Sai a wanke da ruwa mai itanol, dattin ya tafi. A ƙarshe a zuba ruwa maras gishiri, sinadarin gadon ya saki silikar ya fito tsab, a miƙa shi ga na'ura. Wani lokaci silikar tana matsayin matata a gindin wani ɗan bututun roba. Wani lokaci kuma an lulluɓe ƙananan ƙwayoyin ƙarfe da ita, ma'aikaci ya kara maganaɗisu a jikin bututu, ƙwayoyin su taru gefe guda riƙe da abin da ake nema, ya tsiyaye sauran ruwan. Da irin wannan dabara ake gwajin zazzaɓin Lassa, da auna yawan ƙwayar cutar ƙanjamau a jini, da binciken irin shuka.

A farkon korona kayan wannan aiki sun yi ƙaranci a duniya baki ɗaya, domin kamfanoni ƙalilan ne ke yin su, kowace ƙasa kuma tana rububi. A ƙasar Norway, masu bincike a jami'ar kimiyya da fasaha ta birnin Trondheim ba su zauna jira ba. Masana sinadarai da na likitanci suka haɗa kai suka ƙera nasu ƙwayoyin maganaɗisu masu rufin silika, asibitocin ƙasarsu suka ci gaba da gwaji da su. Abin da ya ba su wannan dama shi ne tun kafin annoba suna da mutanen da suka ƙware wajen sarrafa irin waɗannan ƙwayoyi, da kayan aunawa da za su tabbatar da ingancin abin da suka yi. Ku riƙe wannan misali, masu sauraro, domin a kansa hujjar sharhin nan ta tsaya.

Wani wurin kuma shi ne yaƙi da jabun magunguna. Idan hukuma irin NAFDAC ta kama maganin zazzaɓin cizon sauro tana zargin na bogi ne, ɗaya daga cikin hanyoyin tantancewa ita ce a narkar da shi a tura shi da ƙarfi ta cikin wani siririn bututun ƙarfe, wanda tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, cike maƙil da ƙwayoyin silika masu girman maikuromita 3 zuwa 5. Kowane sinadari da ke cikin maganin yana da irin jinkirin da yake yi a tsakanin ƙwayoyin, saboda haka suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, na'ura tana rubuta lokacin fitowar kowanne da yawansa. A nan ake gane ko akwai maganin gaske a ciki, kuma ko ya kai adadin da aka rubuta a kwali. Idan ƙwayoyin silikar ba su daidaita ba, sinadaran za su fito a cakuɗe, sakamakon ya zama abin shakka.

Daga baya masana suka ƙara wani mataki, suka koyi huda ƙwayar kanta. A shekarar 1992, masu bincike na kamfanin mai na Mobil suka bayyana wata silika da suka sa wa suna MCM-41. Sun haɗa ta ne da wani sinadari dangin sabulu, wanda ke jeruwa a cikin ruwa a matsayin dogayen sanduna, silikar ta daskare a kewayensu. Da aka gasa a wuta, sabulun ya ƙone ya bar ramuka jere reras kamar saƙar zuma, kowane rami faɗinsa 'yan nanomita kaɗan. Idan aka lissafa bangon duk ramukan da ke cikin giram ɗaya na wannan gari, za a samu fili mai kusan murabba'in mita 1,000, wato mita 50 a tsaye, 20 a kwance. A 1998 kuma Jami'ar California da ke Santa Barbara ta fito da SBA-15, mai ramuka da suka fi faɗi da bango mai kauri. Kamfanin mai ya nemi abin ne don tace man fetur, amma a 2001 wata farfesa a birnin Madrid na ƙasar Sifen, María Vallet-Regí, ta cika ramukan MCM-41 da maganin ciwon jiki na ibuprofen, ta nuna cewa yana fitowa a hankali a hankali. Tun daga lokacin ɗakunan bincike da dama suka duƙufa wajen neman yadda za a toshe bakin ramukan, ta yadda ba za su buɗe ba sai ƙwayar ta isa inda ciwo yake.

Ɗaya daga cikin ayyukan da suka fi nisa a wannan fage shi ne aikin Farfesa Ulrich Wiesner na Jami'ar Cornell, tare da likitocin cibiyar ciwon daji ta Memorial Sloan Kettering a New York. Sun ƙera ƙwayoyin silika da ba su kai nanomita 10 ba, da rini mai haske a cikinsu, waɗanda ke zuwa su manne wa ƙwayoyin ciwon daji don likita ya ga inda suke. An zaɓi wannan ƙanƙanta ne da gangan, saboda ƙoda ta iya tace su su fita ta fitsari, kada su taru a jiki. A 2014 aka wallafa sakamakon gwajin farko a jikin mutane, a kan wasu masu ciwon dajin fata. A nan ya kamata a faɗi gaskiya yadda take: yawancin wannan aiki har yanzu yana matakin gwaji. Duk wanda ya zo maka da kwalba a kasuwa ko a WhatsApp yana cewa maganin nano ne mai warkar da daji, ka riƙe kuɗinka ka nufi asibiti.

Masana kimiyyar lissafin halitta ma ba a bar su a baya ba. A 2020, wani rukuni a Jami'ar Vienna ya rataye ƙwayar silika guda ɗaya, mai kimanin nanomita 150, a cikin hasken leza ba tare da ta taɓa komai ba, suka kwantar da motsinta har iyakar da dokokin halitta suka yarda. Hausawa na cewa raina kama ka ga gayya.

To ina mu a cikin wannan labari? Kayan aikin yana hannunmu, har ya yi mana yawa. A arewacin Chadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, wanda dubban shekaru da suka wuce gindin wani babban tafki ne. Ƙasarsa fara ce, domin tarin ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ke gina jikinsu da silika. Iskar da ke ratsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi tana kwasar wannan gari, kuma yana cikin ƙurar hunturun da ke sauka a Damagaram da Kano da Maiduguri. Shi kansa René Boom ya yi amfani da ɓawon irin waɗannan halittu a gwaje-gwajensa na kama DNA.

Wanda ya fi wannan kusa da hannu shi ne ɓuntun shinkafa. Duk wanda ya bi ta bayan injinan casar shinkafa a Kura ko Argungu ko Haɗeja ya ga tsibinsa, wani wurin yana ci da wuta yana hayaƙi kwana da kwanaki. Shinkafa tana zuƙar silika daga ƙasa ta tara a ɓawonta. Kimanin kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera ɓuntu ne. Idan aka ƙona ɓuntun, wajen kashi ɗaya cikin biyar nasa zai rage a matsayin toka, kuma fiye da kashi 85 cikin 100 na tokar silika ce. Ke nan tan ɗaya na shanshera yana ɗauke da silikar da ta haura kilo 30. Hanyar fitar da ita sananniya ce: a wanke ɓuntun da ruwan asid don cire ƙarafa, a ƙona shi a zafin da bai wuce digiri 700 ba, a narkar da tokar a ruwan soda mai ƙarfi, sannan a ɗiga asid a hankali har silikar ta fito fara. Kamfanin taya na Goodyear yana amfani da silikar tokar ɓuntun shinkafa a wasu tayoyinsa. Ɗalibai da malamai a jami'o'in Najeriya ma sun yi rubuce-rubuce da dama a kan wannan.

Inda gizo ke saƙa shi ne mataki na gaba. Fitar da farin gari daga toka abu ne da ɗalibin digirin farko zai iya. Tabbatar da cewa garin yau daidai yake da na jiya, cewa ƙwayoyinsa nanomita 100 ne ba 400 ba, cewa babu ƙarfen da zai ɓata gwajin jini, wannan yana buƙatar madubin ilektron, da na'urar auna girman ƙwaya, da ta auna faɗin ramuka, da wutar lantarki maras yankewa, da ma'aikacin da ya san gyaran na'urorin idan sun tsaya. Mai bincike da zai aika samfurinsa wata ƙasa ya jira watanni kafin ya ga hoton abin da ya haɗa, ba zai iya gyara kuskurensa da wuri ba, balle ya kai ga abin da kamfani zai saya. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Akwai kuma ɓangaren da bai kamata a yi sharhi kan silika a tsallake shi ba, wato illarta. Silika iri biyu ce. Ta cikin dutse da yashi ƙwayoyin zarrarta a jere suke cikin tsari mai maimaituwa. Wadda ake haɗawa a ɗakin bincike ta hanyar Stöber ba ta da wannan tsari, kuma jiki ya fi iya narkar da ita ya fitar. Ta farkon ce mai kisa idan ta zama ƙura. Ƙurar da ta yi laushi sosai tana wucewa har can cikin huhu, ta zauna, huhun ya yi ta yin tabo yana taurarewa, numfashi ya riƙa gagarar mutum. Wannan ciwo ba shi da magani, kuma yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Tun 1997 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa wannan ƙura cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji. A 2024 ƙasar Ostareliya ta haramta wani dutsen kwalliyar kicin da ake haɗawa da garin silika, bayan matasa masu yanka shi sun yi ta kamuwa da ciwon. A wajenmu, masu fasa dutse a kwari, da masu niƙa dutsen zinariya a Zamfara da Neja, su ne ke shaƙar wannan ƙura kullum. Wani aikin gwaji da ƙungiyar likitoci ta MSF da abokan aikinta suka yi da masu haƙar zinariya a arewacin Najeriya ya nuna cewa fesa ruwa a bakin injin niƙa yana rage ƙurar silika da ta dalma ƙwarai da gaske. Saboda wannan illa ce ma aka ce kada zafin ƙona ɓuntu ya wuce ƙima, domin idan wutar ta yi yawa, silikar tokar tana rikiɗewa ta koma irin mai cutarwa. Ɗalibin da ke aiki da busasshen garin nano shi ma ya sa takunkumi, ya yi aikinsa a akwatin da ke zuƙe iska, domin ƙanƙantar ƙwaya kanta dalili ce ta yin hattara.

Saboda haka kiranmu a yau ya kasu uku. Ga hukumomin da ke ba jami'o'i kuɗin bincike, irin su TETFund: maimakon a rarraba na'urori masu tsada ɗaya nan ɗaya can, a kafa cibiyoyin aunawa na haɗin gwiwa a kowane yanki, da wutar sola tsayayya, da kuɗin gyara da aka ware tun ranar saye, kuma ƙofarsu a buɗe ga ɗalibin kowace jami'a. Ga masu injinan shinkafa da 'yan kasuwarmu: ku zauna da sassan kimiyyar sinadarai na jami'o'in da ke kusa da ku, a fara da abin da kasuwa ke buƙata yanzu, kamar silikar fenti da roba da tace ruwa, kafin a kai ga ta ɗakin gwajin asibiti. Ga shugabannin ƙungiyoyin masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai: ku sa jiƙa dutse kafin niƙa ya zama doka a tsakaninku, ku nisanta injin niƙa daga gidaje da yara, wanda kuma tari ya ƙi barinsa a kai shi asibiti a duba huhunsa.

Ku kuma 'yan makaranta da ke saurarenmu, musamman masu ganin darasin kimiyyar sinadarai ba shi da amfani sai don cin jarrabawa, ku sani cewa gwajin da zai gano cutar mahaifiyarku da wanda zai tona asirin mai sayar da jabun magani duk suna buƙatar wanda ya iya wannan aiki. Annoba ba ta sallama kafin ta shigo, kuma ranar da ta zo, ƙasar da ta horar da mutanenta tun da wuri ita ce za ta yi wa kanta kayan gwaji.